Fiyano daga Amurka, dan Allah a ba ni shawara kafin mu jona

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Dan Allah tambaya gare ni ga masu sanin kayan wuta. Yayana da ke Amurka ne ya aiko wa Khalifa fiyano a cikin kayan wani abokinsa, Yamaha ne, na hannu ne amma fes yake, yaron nan tun la'asar yake zagaya kwalin yana cewa Umma a jona Umma a jona, ni kuma da na duba bakin fulogin sai na ga ƙafa biyu ne masu faɗi, ba ya shiga soket ɗinmu. Babansu kuma ya yi tafiya. Ya zan yi? Agege muke, ɗaki da falo.

Nura Obalende: Wa alaikumus salam. Anti ai abu mai sauƙi ne, ki aika a siyo miki ɗan adaftan nan na soket mai ƙafa uku a kowane kanti, ki cusa ki jona shikenan

Sani Mai Wayarin: Hajiya dan girman Allah kar ki jona tukuna. Nura wancan abin da kake faɗa siffar baki kawai yake canzawa, ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a nan bolt 230 ce, kusan ninki biyu kenan. Hajiya ki ɗauko baƙin adaftan da ya zo da fiyanon, wannan mai ɗan nauyin, ki haska shi da tocilan waya, akwai ƙananan rubutu a jikinsa. Ki nemi inda aka rubuta INPUT ki karanto mana duk abin da ke gabansa, sannan OUTPUT shi ma.

Nura Obalende: To amma Oga Sani cajar wayata daga waje ta zo kuma haka nake jona ta, ba ta taɓa yin komai ba

Sani Mai Wayarin: Duba jikinta za ka ga an rubuta 100-240V. Irin waɗannan suna cin kowace wuta. Amma ba duka ne haka ba, musamman tsofaffin adafta masu nauyi, su taransifoma ce zalla a ciki an naɗe ta don 120 kawai, kana ba ta 230 za ka ji tau, sai hayaƙi da ƙauri, in da rabon asara ta tafi da fiyanon.

Maman Khalifa: Na gani. An rubuta INPUT AC 120V 60Hz, ƙasa kuma OUTPUT DC 12V 1A, sai wani ɗan zane kamar harafin C da ɗigo a tsakiya da alamar + da -

Sani Mai Wayarin: Alhamdulillahi da kika tambaya. Wannan adaftan ba na wutarmu ba ne. Ki ɗauke shi ki ɓoye inda Khalifa ba zai gani ba, don yara suna da dabara, kina fita zai nemi hanyar cusa shi.

Auwal Alaba: Salam jama'a. Hajiya ki sayi ƙaramin sitef-dawun, yana mayar da 230 zuwa 110, sai ki ci gaba da amfani da adaftan kamfani na asali. Ni a ganina na kamfani ya fi duk wanda za ki samu a kasuwa, mu da muke cikin kasuwar kayan wuta ta Alaba mun san yadda jabu ya cika wajen nan, kwali mai kyau ciki ba komai.

Sani Mai Wayarin: Auwal maganarka akwai gaskiya a ciki amma ban goyi baya ba a gidan da akwai yara. Dalilina, in ka kawo sitef-dawun ka ƙara abu ɗaya da za a iya mantawa da shi. Wata rana an ɗauke shi an jona wani abu, ko baƙo ya zo, ko ƙanin yaro ya zare ya maida kai tsaye a bango, shikenan an gama. Kuma yana ɗaukar zafi in ya daɗe a jone. Fiyanon nan fa ba ruwansa da 120 ko 230, shi abin da ya sani 12 DC ta shigo masa. Don haka a sai masa adafta mai kyau wanda aka rubuta 100-240V a jiki, an huta gaba ɗaya.

Auwal Alaba: In an samu mai kyau ba. Matsalar kenan

Bulus Fiyano: Barkanku da dare. Ni ina bayan Oga Sani. Ina kaɗa fiyano a coci a wajen Ojo kuma ina koya wa yara a gida, irin wannan matsalar kullum ce. Maman Khalifa abu uku za ki riƙe in za a sayi adafta. Bolt ɗin ya zama 12 daidai, kar a ce miki ai 15 ma zai yi ko 19 na laftof. Amfiya kuma ya zama 1A ko sama da haka, in ya fi ba laifi don fiyanon abin da yake buƙata kawai yake ja, amma in bai kai ba adaftan zai riƙa zafi sauti yana yankewa. Na ukun shi ne wannan ɗan zanen da kika gani, shi mutane suka fi rainawa kuma shi ya fi kashe kaya. Yana nuna ko + ne a tsakiyar bakin ko -. Ƙananan Yamaha + ne a tsakiya. Tsofaffin Casio da yawa 9 bolt ne kuma - ne a tsakiya, kin ga in aka yi musanya an juya wa na'ura wuta kenan. Ki duba bayan fiyanon kusa da ramin da ake sa adaftan, akwai irin zanen a wajen, dole su zo ɗaya da na sabon.

Maman Khalifa: Eh na gani a bayan, DC IN 12V, kuma layin da ya fito daga ɗigon tsakiya wajen + ya nufa

Bulus Fiyano: Yauwa. Ki ɗau hotonsa a waya.

Abba Sitidiyo: Ni wlh adaftan dikoda nake amfani da shi a ƙaramin nawa, 12V ne kuma yana yi. Sai dai in na jona da sifika akwai wani ɗan ƙugi da yake yi zzzz a ƙasan sauti

Sani Mai Wayarin: Ƙugin nan alama ce wutar da yake bayarwa ba ta da tsafta, an rage kayan tacewa a ciki don ya yi araha. Zai yi aiki amma ni ba zan ba uwa shawarar ta sa wa kayan ɗanta ba. Kuma dan Allah a guji wannan mai bakuna da yawa da ɗan makunnin da ake turawa daga 3 zuwa 12, yaro zai tura shi ko ya juya bakin.

Auwal Alaba: Hajiya in za ki bi shawararsu to kar ki aiki yaro da baki kawai. A ɗauki fiyanon a je da shi, ko Alaba ko Ikeja wajen masu kayan kiɗa, ba masu cajar waya na bakin titi ba, a jona a gaban mai shago a bar shi ya yi kamar minti goma yana kiɗa, a taɓa adaftan a ji. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba a ajiye masa kayansa. Kuma a karɓi rasit. A zaɓi mai fulogi ƙafa uku irin namu don kar a dawo ana tura murfin biro a soket.

Alhaji Baban Zee: Assalamu alaikum. 'Yata, duk abin da yaran nan suka faɗa ki ji, amma ni shawarata ki haɗa da sitabilaiza. Wutar Ikko ba ta da tabbas. Ni komai nawa a shago da gida a kan sitabilaiza yake, firiza, talabijin, har rediyo.

Sani Mai Wayarin: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, ku yi min haƙuri zan ɗan saɓa muku a nan. Sitabilaiza aikinta in wuta ta yi ƙasa ta ɗaga ta, in ta ɗan yi sama ta sauke, kuma firiza tana buƙatarta sosai saboda kwamfiresa. Amma adaftan da aka rubuta 100-240V shi da kansa yake wannan aikin, ko wuta ta faɗo 150 zai ba da 12 ɗinsa cif. Abin da ke kashe irin waɗannan kaya shi ne bugun da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita, da tsawa, da kuma babbar masifar wato in wayar nitiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke ko ta saki a layi. Ranar da hakan ta faru wani gidan zai ga wuta ta yi ƙasa ƙwai ya yi ja, wani gidan kuma ta haura ta nufi 400. Za ku ga ƙwan ɗaki ya yi wani irin haske fari tas wanda bai saba ba, fanka tana gudu tana kuka, to a wannan lokacin ba a tsayawa kallo, a ruga a kashe babban makunni. Na je aiki wani gidan haya a Idi-Araba bayan irin wannan, ɗaki bayan ɗaki caja, dikoda, talabijin duk sun tafi, har da waɗanda ke kan sitabilaiza, don kafin ta motsa abin ya riga ya wuce.

Alhaji Baban Zee: To in ba sitabilaiza ba mene ne maganin, Sani?

Sani Mai Wayarin: Gad, Baba. Irin wanda ake sa wa talabijin. Yana yanke wuta in ta wuce iyaka, kuma in an dawo da wuta ba ya saki nan take sai ya jira ta daidaita. Amma maganin da ya fi kowanne kyauta ne: an gama kiɗa a kashe fiyano, a kashe soket, a zare. Abin da ba ya jone wuta ba ta da hanyar zuwa wajensa. Hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare. An ɗauke wuta ana tsakiyar kiɗa, a zare kafin a dawo da ita.

Bulus Fiyano: Ƙari a kan wannan, yawancin Yamaha na yanzu suna kashe kansu in an bar su wani ɗan lokaci ba a taɓa ba, sai mutane su ɗauka ai ya mutu. Fiyanon ne ya kwanta, adaftan yana nan yana shan wuta a bango.

Maman Khalifa: To janareto fa? Don gaskiya mu a layinmu ƙaramin inji ne ke riƙe da mu yawancin dare

Sani Mai Wayarin: Zai ɗauka, fiyano irin wannan ko wat 20 ba ya ci. Sai dai a bi tsari. A tada inji a bar shi ya zauna, a juya layi, sannan a jona fiyano. In za a kashe, fiyano ne farko. Kuma da kin ji injin ya fara sama da ƙasa yana shiƙa alamar mai ya kusa ƙarewa, ki ce Khalifa ya zare, don a wannan lokacin wutar hawa da sauka take. Haka in an tada ayan ko hita a kan injin.

Bulus Fiyano: Ko kuma batir. Ki juya cikin fiyanon za ki ga murfi a ƙasa, ƙananan nan yawanci batir shida suke ci irin na agogon bango. Ga mai koyo wannan ya fi kwanciyar hankali, ba waya ba soket. Kar dai a haɗa sabo da tsoho, kuma in za a daɗe ba a kunna ba a cire su don suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen wajen. In masu caji ne, wasu fiyanon akwai inda ake gaya musu irin batir ɗin a cikin saiti.

Maman Khalifa: Kai amma na gode, akwai murfin kuwa. Gobe sai in sai masa batir ya fara da shi kafin babansu ya dawo a je kasuwa

Nas Hauwa: 'Yar'uwa tunda an ambaci inji bari in sa baki. Dan Allah kar son a ji daɗin kiɗa ko tsoron ɓarayi ya sa a shigo da janareto baranda ko lungun ɗaki ko kusa da taga. Hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da barci, kuma mun sha ganin iyali guda an kawo su asibiti a kan wannan, wasu ba a kawo su da rai ba. A waje, nesa da taga, ko ana ruwa a yi masa rumfa. Sannan kina da ƙaramin yaro mai rarrafe?

Maman Khalifa: Akwai ƙanwarsa, ta fara tafiya

Nas Hauwa: To wayar nan kar ta ratsa tsakar ɗaki. Masu wannan shekarun komai ja suke, komai baki suke kaiwa. In ta ja waya fiyanon ne zai biyo ta ya faɗo mata a ka. A bi da ita ta jikin bango a bayan kujera, ekistenshan kuma a ɗaga shi sama kar a bar shi a ƙasa, kin san Agege in ruwan Yuni da Yuli ya sauko wani gidan har ɗaki yake shiga.

Malam Ɗanlami: Ni dai tunatarwa zan yi, a kula da abin da ake sa yara a kai. Malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa. Kar ya ɗauke masa hankali daga Islamiyya.

Maman Khalifa: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Mun yi maganar da babansa, sai ya dawo daga Islamiyya ya yi aikin makaranta sannan, kuma ana kiran sallah za a kashe.

Admin: Malam an ji tunatarwa, Allah ya ba da lada. Wancan bahasin a kai shi wajen malamai, nan a tsaya a kan tambayar da ta yi dan Allah.

Bulus Fiyano: Maman Khalifa saura inda za a ajiye shi, kuma wallahi a Legas wannan ya kai maganar wuta muhimmanci. A gida Arewa ƙura ce abokiyar gaba, nan kuwa danshi ne da kyankyaso. Kwanaki wani ɗalibina ya kawo nasa wai maɓallai biyar a tsakiya sun daina magana, muka kai wa mai gyara ya kwance a gabana. Ƙarƙashin maɓallan akwai wata doguwar roba mai ƙananan kofuna, kowane maɓalli in ka danna ita yake taɓawa ta haɗu da allon wuta. Da ya ɗaga robar nan sai ga ƙwan kyankyaso jere, da kashinsu baƙi-baƙi, da ɓurɓushin biskit, layukan jan ƙarfen da ke kan allon sun yi kore sun cinye. A ƙarƙashin gado yake ajiye shi, kuma yana ci yana kiɗa. Don haka ba ci ba sha a kansa, ko ruwan leda kar a ɗora. Kar a jingina shi da bangon da ke tsattsafo da laima, a bar ɗan tazara. Kar a sa shi bakin taga, rana tana lanƙwasa roba ta sa fararen su koma ruwan ɗorawa, feshin ruwa kuma ya shigo. Nesa da risho da tururin girki.

Auwal Alaba: A rufe shi da ledar da ya zo da ita kullum, ba abin da zai shiga

Bulus Fiyano: Auwal leda a garin nan gumi take yi. Ka rufe abu da leda da damina ka buɗe bayan sati ka ga fumfuna. Ni zane mai kauri na auduga nake sawa, ko tsohon zanin gado mai tsafta, yana tare ƙura kuma iska tana ratsawa.

Auwal Alaba: Mu a shago da leda muke rufewa fa kuma lafiya lau

Bulus Fiyano: Ku kullum kuna buɗewa kuna gogewa, ga fanka ga esi. Ɗakin haya daban ne.

Abba Sitidiyo: Ni ina tara 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin takalmi da na waya, masu shan danshi, in zuba a jakar fiyano. Suna taimakawa

Nas Hauwa: Abba a gidan da ke da mai rarrafe a yi hankali da su, kar ta samu ta haɗiya.

Maman Khalifa: To in kyankyason ya riga ya shiga fa, a fesa masa maganin sauro?

Bulus Fiyano: A'a dan Allah. Kar a fesa komai a ciki, ba maganin ƙwari ba turare ba. In za a yi feshin ɗaki a rufe shi tukuna. Gogewa kuma da ƙyalle mai laushi busasshe, in datti ya kama a ɗan jiƙa shi a matse sosai. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da sanitaiza, suna cin roba su goge rubutun jiki. Kuma kunna shi a kai a kai ma magani ne, wanda aka ajiye wata da watanni shi ya fi lalacewa.

Abba Sitidiyo: Ya zo da ƙafarsa, wato abin ɗora shi, Anti?

Maman Khalifa: A'a shi kaɗai ne da wani ɗan abin takawa mai waya. Na ce ko a kan teburin falo za mu ɗora

Abba Sitidiyo: Teburin tsakiya ya yi ƙasa, zai riƙa duƙawa bayansa ya yi ciwo. Abin da ake so in ya zauna ya ɗora hannu, gwiwar hannunsa ta zo daidai da maɓallai ko ta ɗan fi su kaɗan, wuyan hannu a miƙe ba a karye ba, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa, in ba sa kaiwa a sa masa ɗan benci. In za ku sayi ƙafa mai siffar X ku nemi mai ƙarfe biyu-biyu, kuma a tabbatar ƙusar tsakiya ta shiga raminta ta kulle, don in ba ta zauna ba ana cikin kiɗa za ta rufe, ga fiyano a ƙasa ga yatsa a matse. Babba ne zai riƙa saita ta, ba yaro ba. Kuma da mai koyon tafiya a gida ni na fi son tebur mai ƙafa huɗu a jikin bango, X ana jingina da gefe ɗaya take tuntsurewa.

Bulus Fiyano: Abin takawar nan feda ce, tana sa sauti ya daɗe. A jona ta kafin a kunna fiyano, kuma kar a taka ta lokacin da ake kunnawa, in ba haka ba za ta juye, ka saki ta riƙe ka taka ta saki. Mutane da yawa sun ɗauka ta lalace ne, alhali kashewa za a yi a sake kunnawa ƙafa a gefe.

Alhaji Baban Zee: Ni abin da ya fi damuna ban ji an taɓo ba, haƙƙin maƙwabta. 'Yata gidan haya kike, bango ɗaya ya raba ku da wani. Akwai wanda ya kwana a kasuwa yana sauke kaya da rana yake barci, akwai mai jinya, akwai mai jariri. Mu baƙi ne a garin mutane, zaman lafiya da maƙwabci shi ne jarinmu. Mai koyo kuma abu ɗaya zai yi ta maimaitawa, wanda ke ɗaki na kusa shi ya san zafin abin. Tun kafin a kawo ƙara wajen mai gida ki sa masa lokaci, kuma ki leƙa ki gaya wa na kusa da ke.

Nura Obalende: Gaskiya ne Baba, kuma Legas ba a wasa da maganar ƙara, LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar, har wuraren ibada da gidajen rawa take rufewa a kan haka

Abba Sitidiyo: Hedifon ne maganin wannan, ana sawa sifikun jiki suke yin shiru. Ramin Yamaha babba ne, sai an sai ɗan bakin da ake ƙara wa na waya

Nas Hauwa: Hedifon ya raba ki da maƙwabta amma sai kin tsaya a kan kunnen yaron, don ke ba kya jin abin da yake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Tunda ba mu da abin awo a gida, ga yadda za ki gane: ki tsaya kusa da shi ki kira sunansa da muryar hira, in bai ji ba ya yi yawa. In kina jiyo kiɗan daga hedifon ɗin kina gefe, ya yi yawa. Ki sa ɗan farin tef a jikin abin murɗa murya wajen rabi ki ce kar ya wuce nan. Ya riƙa cirewa yana hutawa, in ya ce kunnensa na ƙara wiii bayan ya gama to a dakata, in bai daina ba a kai shi asibiti. Na saman kunne ya fi na cusawa.

Abba Sitidiyo: Kuma a rage murya zuwa ƙasa kafin a kunna ko a sa hedifon. In wata rana za a haɗa da babbar sifika, fiyano ake fara kunnawa sannan sifika, wajen kashewa sifika ce farko, saboda wannan ɗum ɗin da yake yi yana fasa sifika. Oga Sani ni ma ina da tambaya, in na haɗa nawa da laftof ta USB ina jin ɗan shokin a bakin wayar, kaɗan-kaɗan kamar ana tsira min allura, ko matsala ce?

Sani Mai Wayarin: Gwada ka zare cajar laftof ɗin ka ji. In ya daina to cajar ce take yoyon wuta kuma soket ɗinka ba shi da wayar ƙasa, gidajen haya da yawa rami uku ne a fuska amma waya biyu ce a ciki. Kar ka saba da shi ka ce ai kaɗan ne, musamman in kana tsaye ba takalmi a kan siminti mai sanyi. Canza caja, ka kira mai wayarin ya duba atin ɗin gidan, wato wayar ƙasar. Kuma tunda muna kai, jama'a masu fere waya su tura tsirara a soket su danne da tsinken ashana, dan Allah a bari, yawancin gobarar ɗaki da nake zuwa gani daga irin wannan ne da ekistenshan mai siririyar waya da aka ɗora wa ayan da hita. In kun ji ƙauri ko kun ga hayaƙi a adafta, babban makunni za a fara kashewa, kar a watsa ruwa wuta na jone, in abin ya fi ƙarfi a kira 112 ko 767.

Alhaji Baban Zee: Sani na ji bayaninka duka. Amma mu a Mile 12 wani lokacin wutar ƙasa take yi sosai, gad ɗin nan da kake faɗa na taɓa sa wa talabijin sai ya ƙi saki sam, jan ƙwai kawai yake nunawa har dare. Shi ya sa na koma sitabilaiza kuma ba zan cire ba.

Sani Mai Wayarin: Kar ku cire Baba, a layi irin naku tana da amfani. Gad yana yankewa ne in wuta ta yi ƙasa da wajen 180, shi ya sa ya ƙi saki. Ku sa sitabilaizar a bango, sai gad ɗin a bayanta, sannan kayan. Ita ta ɗaga wutar, shi kuma ya tsare. In na shigo kasuwa ranar Asabar zan biyo ta shago in duba muku yadda aka jera su.